Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: sharhi kan ƙudurin zama a tarukan koyarwa da fasaha

Bara aka sa ni cikin kwamitin tantance tsakure na wani taron ƙara wa juna sani da tsangayarmu ta shirya kan koyo da koyarwa da fasahar zamani a manyan makarantu. Tsakure shi ne taƙaitaccen bayanin maƙalar da mutum yake son gabatarwa a taro. Na kwaso takardun zuwa gida, bayan sallar isha'i na baje su a kan tabarma na hau karatu. Kafin in kai na goma sha biyar na riga na san yadda na sha shida zai fara. Duniya ta zama ƙauye guda. Fasahar sadarwa ta kawo juyin juya hali a harkar ilimi. Annobar korona ta tilasta wa jami'o'i komawa intanet. Daga nan sai a ce an raba wa ɗalibai takardun tambayoyi, mafi yawansu sun yarda fasaha tana da amfani, a rufe da kira ga gwamnati ta samar da wuta da kwamfutoci. Da yawa daga cikin marubutan na san su, malamai ne masu ƙwazo, wasunsu ma suna yin abin a-zo-a-gani a ajinsu. Amma ajin nan ko ƙyallinsa babu a takardar.

Maganar korona ita ta fi tsaya mini a rai, domin a jami'o'in gwamnati na Najeriya ba haka abin ya faru ba. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, a cikin watan ne kuma ƙungiyar ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba, wata tara cur. Lokacin da malaman Amurka da Ingila suke fama da Zoom, mu muna gida, ɗalibanmu wasu suna gona wasu suna kasuwa. Duk wanda ya buɗe tsakurensa da waccan jimla, labarin wasu ya aro ya yafa, ya bar nasa a ɗaki. Kuma nasan shi ne abin da mahalarta taro suka baro aikinsu, suka biya kuɗin mota da na masauki, don su ji.

Babban taro irin wannan yankawa ake yi gida-gida. Kowane yanki shi ake kira zama, wato awa ɗaya ko ɗaya da rabi a ɗaki guda kan batu guda. Ƙudurin zama kuwa shi ne ɗan rubutun da mutum yake miƙawa yana neman a ba shi wannan ɗaki da wannan lokaci. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, waɗannan 'yan rubuce-rubuce su ne taron. Mai girma shugaban jami'a zai yi jawabi, babban baƙo zai yi nasa, a ɗauki hoto a watse zuwa ɗakuna, to daga nan abin da aka ƙudurta shi za a tattauna, wanda ba a ƙudurta ba kuma ko da shi ne ke hana malamai barci, ba za a ji ɗuriyarsa ba.

Hanyar da muka saba da ita ta kiran maƙalu ce. Masu shiri su fitar da sanarwa watanni kafin taro, su jera ƙananan jigogi, su faɗi adadin kalmomi da ranar rufewa, kwamiti ya zauna ya zaɓa. Haka manyan tarukan wannan fage suke yi, irin na ƙungiyar EDUCAUSE ta Amurka, wadda aka kafa a 1998, da eLearning Africa wanda aka fara a Addis Ababa a 2006, ya zaga birane kamar Akara da Dakar da Kotono da Abijan da Kigali. Hanyar tana da alfanunta. Tana ba da damar tace shirme, tana ba mutum lokacin shiri, tana kuma samar da takardar amincewa, wadda ita malami yake kaiwa wajen neman kuɗin halarta daga makarantarsa ko daga asusun TETFund. Lahaninta kuwa guda biyu ne. Na farko, tana son abin da aka riga aka gama, alhali matsalar koyarwa abu ne da ake cikinsa tsundum. Na biyu, tana haifar da zaman da kowa ya sani: mutum biyar a jere, kowa minti goma, kowa ya duƙufa yana karanta takardarsa da sauri, shugaban zama yana tura masa 'yar takarda cewa saura minti biyu, a ƙarshe a ce lokaci ya ƙure, tambaya ɗaya kawai za a ɗauka. A irin wannan zama ne ake bayyana wa mutane cewa ɗalibi bai kamata ya zauna shiru yana saurare ba. Abin yana damuna ƙwarai.

Akwai wata hanyar da ta taso daga gajiya da wannan. Wani Ba'amurke mai suna Harrison Owen ya shafe lokaci mai tsawo yana shirya wani babban taro a farkon shekarun 1980, da aka gama sai mahalarta suka gaya masa cewa lokacin shan shayi ya fi musu komai amfani, wato ɗan lokacin da shi bai tsara ba. A 1985 sai ya gwada taron da babu jadawali: a zauna a da'ira, duk mai batun da ya dame shi ya tashi ya rubuta, ya faɗa, ya liƙa a bango. Shi da kansa ya ce zaman da'irar ya gan shi ne a wani ƙauye na Laberiya inda ya taɓa aiki. Ya kuma kafa ƙa'idar da ake kira dokar ƙafa biyu: idan ka ga ba ka ƙaruwa kuma ba ka ƙarar da kowa a inda kake, tashi ka tafi wani ɗakin, ba laifi ba ne. Masu harkar kwamfuta suka ɗauka, aka yi irin wannan taro mai suna BarCamp a Kalifoniya a 2005. A 2008 cibiyar tarihi da sababbin kafofi ta Jami'ar George Mason da ke jihar Bajiniya ta fara THATCamp, taron malaman tarihi da adabi da harsuna da ma'aikatan laburare masu aiki da fasaha, wanda ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama. Malaman firamare da sakandare su ma suka kafa nasu, Edcamp, a Filadelfiya a 2010.

Yadda safiyar farko take kasancewa a THATCamp, lokacin da ake yin sa, abin a tsaya a duba ne. Mutanen ba su da yawa, yawanci ba sa haura ɗari. Kowa ya zo da ɗan ƙudurinsa, sakin layi ɗaya ko biyu. A liƙa su a bango, mutane su zaga suna karantawa suna sa alama a kan waɗanda suke so. Idan ƙuduri biyu sun yi kama a haɗe su, masu su su raba jagoranci. Sai a zana layuka a allo, ɗakuna a sama, lokuta a gefe, a cike gurabe. Cikin awa guda jadawalin yini ya fito. Sun kasa zama gida huɗu: na tattaunawa, na ƙera wani abu tare, na koyar da wata dabara, da na wasa da sabon kayan aiki don a ga iyakarsa. Karanta maƙala kuwa ba ya cikin lissafi. Wanda ya kawo ƙuduri aikinsa ya buɗe magana, ya ja mutane su sa baki, ya tabbata an rubuta abin da aka cimma. Wannan ƙa'ida ita ke sauya yadda mutum yake rubuta ƙudurin tun daga tushe, domin wanda ya san ba zai tsaya ya yi jawabi ba, dole ya tambayi kansa me zai sa mutum ashirin su yi na tsawon awa guda.

Ra'ayina shi ne ko ta wace hanya za a bi, kwamiti ko bango, ƙuduri mai kyau daga matsalar aji yake farawa. Mafi yawan waɗanda na karanta daga kayan aiki suka fara: manhajar koyarwa ta Moodle da amfaninta, Google Classroom da amfaninsa, ƙirƙirarriyar basira da amfaninta. Wannan gardama ce tsohuwa a fagen. Tun 1983 Richard Clark ya yi iƙirarin cewa kafar isar da darasi ba ita ke sa ɗalibi ya koya ba, kamar yadda motar da ke kawo kayan abinci ba ita ke gina jiki ba, dabarar koyarwa ita ce abincin. Robert Kozma ya mayar masa da martani a farkon shekarun 1990, yana cewa akwai abin da wata kafa take iya yi wanda wata ba ta iyawa, don haka ba a raba kafa da dabara. Ni ina ganin Clark ya fi kusa da gaskiya, sai dai yana magana ne daga ƙasar da hanyoyinta suke da kwalta. A wurinmu motar da hanyar su ne rabin matsalar. Bidiyon lacca na minti arba'in da saƙon murya na minti biyar ba kuɗinsu ɗaya ba a aljihun ɗalibi, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Saboda haka malamin da ke nan yana da tambaya biyu da zai amsa a ƙudurinsa: me nake so ɗalibi ya iya, kuma ta wace hanya abin zai isa hannunsa ba tare da ya kwana da yunwa ba.

Misalin da nake yawan bayarwa na Eric Mazur ne, malamin kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa a Jami'ar Harvard. A farkon shekarun 1990 ya gano cewa ɗalibansa suna iya warware lissafi mai wuya amma ba su fahimci ma'anar abin da suke lissafawa ba. Dabarar da ya fito da ita mai sauƙi ce. Ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan kowa ya juya ga na kusa da shi ya yi ƙoƙarin gamsar da shi, sai a sake zaɓe. Daga baya na'urorin latsawa suka shigo, yanzu kuma wayar hannu, amma ana yin ta da ɗaga hannu ko da takarda mai haruffa huɗu. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara nazarce-nazarce 225 kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci a jami'a, suka samu cewa kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai suna faɗuwa a ajin lacca zalla, a ajin da ake sa su aiki kuwa kusan kashi 22. Wannan tazara daga dabara ta zo. Na'ura ta sauƙaƙa ƙidaya ne kawai. Akasin haka kuma an gani. A 2012 aka yi ta yayata darussan intanet na kyauta masu ɗaukar dubban mutane kamar su ne za su maye gurbin jami'a. A 2013 Jami'ar San Jose ta jihar Kalifoniya ta haɗa kai da kamfanin Udacity don koyar da wasu darussa ta wannan hanya, cikin 'yan watanni aka dakatar da shirin saboda faɗuwar ta zarce ta ajin da aka saba. An fara da mota, ba a tambayi wa zai ci abincin ba.

A cikin tarin takardun nan na bara akwai ta wata ƙaramar malama da muke sashe ɗaya. Tsakurenta bai bambanta da sauran ba, ni kuwa na san tana koyar da darasin gama-gari ga 'yan aji ɗaya fiye da 400 a zauren da lasifikarsa take aiki yau ta ƙi gobe. Na kuma san tana da wata dabara, domin ɗalibai suna maganarta. Washegari na same ta a ofis tana duba takardun gwaji, na ce, "Malama, ina labarin abin da kike yi da WhatsApp? Ban gan shi a tsakurenki ba." Ta yi murmushi ta ce, "Ai Malam wannan ba bincike ba ne, dabarar tsira ce kawai. Wa zai zauna ya saurari wannan a taro?" Na ce ta ba ni labari. Ashe daren kowace lacca takan tura saƙon murya na minti huɗu ko biyar ta hannun wakilin aji, da tambaya guda mai amsoshi huɗu a akwatin ƙuri'a na WhatsApp. Da safe ta duba inda aka fi karkata, ta fara lacca daga kuskuren da ya fi yawa. Sai kuma ta shiga lissafa mini inda abin ya ci tura. Akwatin ƙuri'ar yana nuna yadda zaɓe yake tafiya, don haka waɗanda suka zo daga baya bin yarima suke yi a sha kiɗa. Akwai waɗanda wayarsu 'yar rakani-kashi ce, ba ta hawa intanet. Akwai matan aure da wayar maigida suke ara, sai ya dawo da dare. Zauren WhatsApp ɗin kuma idan ta yi sake sai ya cika da tallan atamfa da turare. Tana gama magana na ce, "Malama, abin da kika faɗa mini yanzu shi ne ƙudurinki. Rubuta shi yadda kika faɗa."

Abin da ta kawo bayan kwana biyu bai kai rabin shafi ba. Ta faɗi yawan ɗalibanta da irin zauren. Ta faɗi abin da take yi da abin da ta lura ya canja a amsoshin gwaji. Ta jera matsaloli huɗun nan ba tare da ta yi musu kwalliya ba. Sannan ta rubuta cewa tana gayyatar duk mai koyar da babban aji ya zo da wayarsa da tambaya ɗaya daga darasinsa, za a kasu rukuni-rukuni a gyara tambayoyin, a gwada su a kan juna, a fita da hanyar da ɗalibi marar babbar waya zai shiga cikin zaɓen. Duk abin da mai tantancewa yake nema yana ciki: su waye ɗaliban, mene ne ya dame ta, me ta gwada, me ya faru, wa take kira, me zai yi idan ya zo, da me zai koma.

Batun hujja yana buƙatar a daɗe a kansa, domin nan ne muka fi rauni. Takardar tambayoyi mai cewa na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ita ce ta mamaye bincikenmu, kuma abin da take aunawa shi ne jin daɗin ɗalibi, ko ma abin da yake zaton malam yana son ji. Wane ɗan aji biyu ne zai rubuta wa malamin da ke riƙe da makinsa cewa dabararsa ba ta da amfani? Ko da ɗalibin ya faɗi gaskiyar abin da yake ji, jin nasa yana iya saɓa wa abin da ya faru. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Harvard suka koyar da darasi ɗaya ta hanya biyu, lacca mai daɗin saurare da kuma ajin da ake sa ɗalibai aiki. Waɗanda aka sa aiki sun fi cin gwaji, amma da aka tambaye su sai suka ce sun fi ƙaruwa a laccar. Wahalar tunani ce ta sa suka zaci ba sa fahimta. To wanda ya kawo ƙuduri yana cewa ɗalibai sun ji daɗi, bai gaya mana ko sun koya ba. Hujjar da ta fi nauyi tana nan cikin durowar kowane malami: takardun gwajin bara da na bana kan tambaya iri ɗaya, rubutun ɗalibi kafin gyara da bayan gyara, jerin waɗanda suka daina shiga manhaja bayan mako na uku da dalilinsu idan an bi su an tambaya. Ba sai an yi lissafi mai sarƙaƙiya ba. A dai nuna aikin ɗalibi, gani ya kori ji.

Zaman da ya fi kowane ƙaranci a tarukanmu shi ne na abin da aka gwada bai yi ba. Makarantu nawa ne aka kafa musu manhajar koyarwa, aka yi bita ta kwana uku, aka raba jaka da biro, bayan zango ɗaya ba mai shiga sai wanda ya kafa ta? Kowa ya san irin wannan labari, ba mai rubuta shi, domin ana ganin tonon silili ne ga hukumar makaranta. Sakamakon shi ne makarantar gaba ta sake faɗawa ramin da ta baya ta faɗa. Ana iya rubuta irin wannan ƙuduri ba tare da an kama sunan kowa ba. A faɗi abin da aka saya, abin da aka zata zai faru, da matakin da abin ya tsaya: kalmar sirri ce ɗalibai suka manta ba mai sabunta musu, ko malamai ne ba a rage musu wani aiki ba aka ɗora musu wannan, ko injin da manhajar take kai ne yake mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Wannan ya kai mu ga waɗanda ba a gayyata su kawo ƙuduri. Ma'aikacin sashen kwamfuta wanda ake kira da tsakar dare idan jarrabawar kwamfuta ta tsaya ya san abin da farfesa bai sani ba. Tun da hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, jami'o'i da yawa suka bi sahu a darussan manyan azuzuwa, kuma waɗannan ma'aikata su ne suka ga yadda yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yake ɓata mintunansa na farko. Haka ma'aikaciyar laburare. Haka ɗalibi makaho, wanda zai gaya maka cewa takardar laccar da ka ɗauka hoto ka tura, manhajar da ke karanta masa rubutu ba ta ganin komai a cikinta, a wurinsa farar takarda ce. Malami zai iya shekara goma yana tura irin wannan hoto bai sani ba. Sanarwar kiran ƙuduri da ta ce sai mai digiri na biyu ko na uku ta riga ta rufe wa waɗannan ƙofa.

Sai maganar lokaci. An saki ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da yin rubutu, a ƙarshen Nuwamban 2022. Tarukan da aka yi a farkon 2023 da yawansu sun riga sun rufe karɓar ƙuduri kafin nan, don haka abin da kowa yake magana a kai a farfajiya ba shi da gurbi a jadawali, sai wanda masu shiri suka cusa daga baya. Yanzu kuwa an cika, kowane tsakure sai ka ga ƙirƙirarriyar basira a takensa, yawancinsu kuma kan yadda za a kama ɗalibi ne. A nan ina jin tsoro. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya fitar da manhajar gane rubutun na'ura a Janairun 2023, ya janye ta a Yulin shekarar saboda yawan kuskurenta. A shekarar ne kuma wasu masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji a kan rubutun mutanen da Ingilishi ba harshen uwa ba ne a gare su, sai manhajojin suka yanke cewa fiye da rabin rubuce-rubucen na na'ura ne, alhali mutane suka rubuta. Dalili shi ne mai koyon harshe yakan yi amfani da kalmomi sanannu da jimloli masu sauƙi, abin da manhajar take ɗauka alamar na'ura. Waɗannan mutane ai ɗalibanmu ne. Yaron da ya taso da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, ya sha wuya ya harhaɗa Ingilishinsa, shi ne zai fi faɗawa tarkon. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Zaman da nake marmarin gani shi ne wanda kowane malami zai zo da tambayar aikin gida guda da ya saba bayarwa, a ba na'ura ta amsa a gaban kowa, a duba amsar tare, sannan a zauna a sake ƙera tambayar yadda sai wanda ya je kasuwar unguwarsu, ko ya zauna da kakarsa, ko ya tsaya gaban malam ya kare abin da ya rubuta, zai iya cin makinta.

Ba na cewa taron bango magani ne na komai. Yana da nasa ciwon. Masu baki sukan mamaye shi, mai kunya ya koma gida da tambayarsa. Abin da aka tattauna yakan bi iska idan ba a sa mai rubutawa ba. Ba ya haifar da maƙalar da kwamitin ƙarin girma zai ƙirga, malami kuwa da maƙala ake auna shi, don haka ba zan zargi wanda ya zaɓi minti goman karatu ba, iyali gare shi. THATCamp ɗin ma cibiyar da ta haife shi ta naɗe tabarmarsa a 2020. A wurinmu kuma akwai ƙarin wani abu: mataimakin lakcara ba zai miƙe gaban farfesan da ya duba kundin digirinsa ya ce ga abin da ya kamata a tattauna ba, kuma dokar ƙafa biyu ba za ta yi aiki ba idan ranka-ya-daɗe ne yake magana, wa zai tashi ya fita? Wannan tarbiyya ce, ba na son a rushe ta, sai dai a zagaye ta. A rubuta ƙuduri a kati ba suna, a yi zaɓe, sai bayan an zaɓa mai shi ya bayyana. A ware yamma ɗaya cikin kwana biyu ko uku don irin wannan zama, sauran lokacin a bar wa maƙalu. A ba wanda ya jagoranci zama takardar shaida, a buga rahotonsa na shafi biyu cikin kundin taron tare da maƙalun, don wahalarsa ta shiga lissafi.

Kwamitinmu bai yarda da yamma guda ba, amma ya yarda da zama biyu, ɗaya na malamar nan. An ba ta ƙaramin ɗaki bayan azahar, lokacin da mutane suka fara zamewa. Kujeru suka ƙare, aka ɗebo wasu daga ofis. Wani dattijon farfesa da ya leƙo don ya ƙarfafa mata gwiwa ya ƙare da miƙa wa wani matashi wayarsa yana cewa, "Ɗana, nuna mini inda ake sa tambayar." Wakilin ajinta, wanda ta roƙa aka bari ya shigo, shi ya warware matsalar bin yarima: ya ce a naɗe farar takarda gida huɗu, a rubuta harafi a kowane gida, a yi zaɓen farko a cikin zaure kowa ya ɗaga tasa a ƙirji inda na baya ba zai gani ba, saƙon murya kuma a bar shi a WhatsApp yadda yake. Malamai uku daga sassa daban-daban suka rubuta sunansu cewa za su gwada a zango mai zuwa su kawo takardun gwaji a kwatanta.

Matsalar matan auren da ke jiran wayar maigida ba a warware ta a ranar ba. An yi ta kawo shawara, wannan ya ce a buga saƙon a takarda, wancan ya ce a haɗa su biyu-biyu da masu waya, kowace aka juya sai a ga inda ta gaza. Wannan matsalar ce malamar ta miƙa a matsayin ƙudurinta na bana, kuma a ƙasan takardar ta rubuta cewa tana neman izini ta zo da uku daga cikin ɗaliban su yi magana da bakinsu.